Bas Mai Furanni da Na Ba Mai Zambo

Filin motocina na farko a Greensboro ta Amurka yana bayan titin Wendover, tsakanin wani shagon tayoyi da wani tsohon sito. Na kama shi ne bayan na gaji da tura motoci Kwatano da jiran jirgin ruwa. 'Yan uwanmu Hausawa suna saye, amma yawanmu bai kai ya riƙe fili ba. Abincina yana hannun ɗaliban jami'a da ma'aikatan manyan kantuna, su kuwa labarin baki ne kawai yake kawo su.

A cikin siton nan wasu Turawa suke gwajin kiɗa duk Asabar da rana. Ranar farko na ɗauka injin wani ne ya lalace. Jita tana kuka kamar an take wutsiyar kyanwa, ganga ta ɗauki gudu ta tsaya cak, wani ya yi tari a makirufo, sannan a kunna injin shara a ce shi ma kiɗa ne. Shugabansu dogo ne mai furfura, gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa. Ya gaya mini da ƙuruciyarsa ɗan hifi ne, wato samarin nan da suka tara gashi suka tare a gonaki, suka ce ba ruwansu da dukiya, sai ƙauna da furanni.

"Je ka Irving Park, unguwar masu kuɗi, ka gan su yanzu, maƙwabci," in ji shi. "Kowa da garejinsa cike da motoci, yana faɗa da mai yankan ciyawa."

Waƙoƙinsa duk zambo ne. Ya yi wa tsofaffin abokansa, ya yi wa masu ɗaura wuya, ya yi wa masu dambe a layin sayen talabijin ranar rangwame. Ni kuwa ina ta dariya. Har hon na ciro masa daga motocin da na kwance, don ya ce yana son ƙarar. Na manta da maganar gemun ɗan'uwa da ya kama wuta.

Wata rana wata ɗaliba ta zo duba mota da ƙawarta. Ina cewa "wallahi" sai suka fashe da dariya, suka kama rera wani abu. Ƙawar ta sa mini faifai. Waƙar wani dillalin mota ce mai hula a Wendover, yana shafa mota yana rantsuwa cewa wata tsohuwa ce kaɗai ta taɓa tuƙa ta, ita ma zuwa coci. Amshin waƙar shi ne wallahina, da irin muryata, hon ɗina na busawa a baya. Gidan rediyon ɗalibai ya ɗauke ta yana ta sawa.

Ban taɓa yin wannan ƙaryar ba. Ƙa'idata tun a gida ita ce in faɗi aibin kaya kafin a tambaya, don mai saye ya san inda nake zama. Amma waƙa ba ta neman shaida. Masu zuwa suka ragu, waɗanda suka zo ma dariya ta kawo su. Mai filin yana jiran ya ji ko zan sabunta haya, ni kuwa na san in bazara ta same ni a haka, sai dai in kwashe motocina in koma aikin wani.

Matata ta ce in kai shi ƙara, ai ƙasar nan ta kotu ce. Bayan sallar Juma'a na tari wani dattijonmu, mutumin Maraɗi, na gaya masa.

"Kotu?" ya ce. "Ɗana, ka taɓa ganin wanda ya yi shari'a da mawaƙi ya ci? Ba da hannu ake rufe masa baki ba, da riga ake rufewa."

"Alhaji, wannan Bature ne."

"Ba ya cin abinci?"

Sai na tuna mahaifina. Wani ɗan gambara ya taɓa sa shi gaba a kasuwa yana ce masa marowaci. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya sa masa. Kafin la'asar mutumin nan yana yi masa kirari har da kakanni.

Rigar dillalin mota, mota ce. Akwai wata tsohuwar bas da na jawo daga wata gona a Summerfield, jikinta duk zanen furanni da rana, irin ta 'yan hifi sak, ta daɗe a filina ba mai kallonta. Su kuwa makaɗan a buɗaɗɗiyar akori-kura suke ɗaukar kayansu, ruwa na dukansu. Na sa aka gyara ta, na tuƙa ta har ƙofar sito, na miƙa wa shugabansu makulli. Hali zanen dutse, sai na ji bakina yana lissafi: birki yana so a taka da wuri, ƙofar gefe sai an ɗaga ta take rufuwa, ba ta ɗumama ciki da sanyi, ga shan mai.

"Nawa?" ya ce.

"Kyauta."

"Don me?"

"A garinmu haka ake yi wa mawaƙi."

"In ya karɓa sai ya yi me?"

"Sai ya san abin da ya dace."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Maƙwabci, toshiya kake ba ni! Tun ina da baƙin gashi nake zagin masu kuɗi, ba wanda ya taɓa ganin darajata har ya nemi ya saye ni. Kuma da motar mutanen da na fi tsana!" Ya karɓi makulli. Na koma gida na ce wa matata an gama.

Ba a gama ba. Ba a daɗe ba waƙar ta sake fitowa, ta ƙara tsawo. Yanzu har da baitin dillalin da ya zo sayen bakin mawaƙi da bas mai furanni.

"To, Abban yara," in ji matata, "riga ta tafi, baki kuma ya ƙara buɗewa."

Alhaji da ya ji, cewa ya yi, "Ashe dai ba ya cin abinci."

Raina ya ɓaci. Amma washegari na zauna a mota na sake saurara, wannan karon da kunnen ɗan kasuwa. Ya cire maganar tsohuwa da coci. A wurinta ya sa aibobin bas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, birki, ƙofa, sanyi, mai, ganga na bin kowanne. Sannan kiɗa ya ɗauke, ya ce duk gaskiya ne, kuma bai taɓa ganin wanda ya ba da toshiya ya faɗi aibinta ba sai mai hular nan na bayan shagon tayoyi. Zagi ne, amma da kwatancen filina a ciki.

Na taka har sito na ce masa, "Asabar mai zuwa ku zo ku zage ni a filina, a kan rufin bas ɗin."

"Ba zan yabe ka ba fa."

"Ban roƙe ka ba."

Na sa aka rubuta wallahi da manyan haruffa a ƙyalle, na rataya a bakin titi. Matata ta soya ƙosai, wani ɗan'uwanmu ya kafa tukubar tsire. Jama'a suka cika fili. Mawaƙin bai bar kowa ba: ɗalibai masu yagaggen wando da katin bankin uba a aljihu, da tsofaffin 'yan hifi da suka ajiye motocin alfarma nesa suka ƙaraso da ƙafa. Suna dariya, kowa yana nuna na kusa da shi. Da ya zo kaina, sai na gyara hulata na hau, na karɓe makirufo. Na nuna motocina ɗaya ɗaya ina faɗin ciwon kowacce, mai ganga yana kama mini. Kafin in sauko wata ma'aikaciyar kanti ta ɗaga murya, "Waccan shuɗiyar fa, me ke damunta?" Na gaya mata. Da ita ta koma gida.

Tun daga ranar haka masu saye suke shigo mini: a fara faɗa musu aibi, da rantsuwar. Na sabunta haya, daga baya na haɗa da shagon tayoyin. Alhaji ya ce ni ko zagi aka ba ni sai na sa masa farashi.

Mawaƙin bai taɓa yabona ba, ko da baiti ɗaya. Amma shekaru bayan nan, duk sanda bas mai furanni ta bi ta gaban filina, ƙofar gefenta ɗaure da igiya, sai ya danna hon har sai na fito.