Abin da Na Gani a Siton Alhaji

A da ni mai gyaran waya ne a Funtuwa. Ina da ɗan shagona, ina samun na tuwo, ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Wata rana wani abokina ya nuna mini wani shafin bincike a intanet, mai zaƙulo kyamarorin tsaron da masu su ba su canza lambar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Kana dannawa sai ga ka cikin shagon mutum, shi kuwa bai sani ba.

Da farko kallo kawai nake, ina dariya. Har na faɗa kan wani sito a hanyar Dandume, maƙil da buhunan masara. Na gane shi, na wani Alhaji ne mai saye da kaka ya ajiye sai hatsi ya yi tsada. Maigadinsa dattijo ne, Malam Idi. Duk Juma'a in zai tafi masallaci sai ya kulle ƙofa, ya kifa tiya, kwanon awon hatsi, a kan makullin a gefen tabarmarsa.

Na tsegunta wa wasu. Ana cikin huɗuba suka kawo mota suka yi lodi. Da yake ba a fasa kwaɗo ba, Alhaji ya ce da hannun maigadi. A wayata na ga ɗan Alhaji ya mari tsohon nan har hularsa ta faɗi. Na kashe wayar, na ci gaba da aikina. Wallahi shirun nan ya fi satar ci mini rai.

Asiri ya tonu a kasuwa, da aka ga shaidar Alhaji a jikin buhunan. Waɗanda aka kama suka ambaci sunana, aka ɗaure ni.

Da na fito na bi Malam Idi har garinsu Tsiga, na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Sai dai har yau ko akuya ce ta ɓace a unguwar nan, ni ake fara kallo."

Mai kyamara, ka canza lambarka yau. Ku kuma samari, abin da ba a buɗe muku ba kada ku leƙa, ko da kun tarar da shi a buɗe. Ni na gama wa'adina na fito. Shi Malam Idi ba wanda ya sa masa ranar fita.