Maganar da ta kuɓuce wa mai wankan gawa

Shekara talatin da ɗaya Malam Yusha'u ya yi yana wankan gawa a unguwar Utaibiyya ta Makka, a wata magsala, ɗakin da ake shirya mamata kafin a kai su Harami a sallace su. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin bakinsa a kan abin da ya gani a kan katakon wanka. Ko matarsa, har ta rasu ba ta ji ba. In dangi suka tambaya, amsarsa ɗaya ce: "An suturta shi, ku yi masa addu'a." Shi ya sa Hausawan Makka, masu iƙama, wato takardar zama, da haifaffun nan, in an yi rashi shi ake fara nema.

Sau ɗaya tak ya ƙara a kan amsar nan. Shekarar da aka fara rusau a unguwar Nakkasa, aka tsinci Awwalu magini a wani ɗakin da masu shi suka tashi, kwana huɗu da cikawa, cikin zafin nan na Makka mai narka kwalta. Matarsa Maijidda, wadda ake kira Ummu Majid, ta tare Malam a bakin ƙofa, ta ce, "Fuskarsa fa, Malam?" Ya dube ta ya ce, "Kamar mai barci, Ummu Majid." Ya tafi gida yana istigfari.

To, ga 'yarsa Shaima, auta, wadda Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Shekarar da aka buɗe gidajen sinima a ƙasar, ta buɗe shafi a intanet tana sharhin finafinai, kuma wallahi tana da mabiya. Wata rana bayan la'asar Malam ya shigo falo ya tarar da ita gaban talabijin. Me zai gani? Gawarwaki ne tsirara-tsirara suna gudu a titunan Ingila suna cizon mutane.

"Innalillahi! Shaima, wannan wace irin masifa ce?"

"Fim ne, Abuya, kashi na biyu. Masu sharhi a Landan sun yi masa ca, wai gawarwakin ba su kai na kashin farko ban tsoro ba."

Malam ya zauna ba shiri. Shi dai bai ji tsoro ba, takaici ne ya kama shi. A ce mutane da iliminsu su zauna suna jayayya a jarida kan wace gawa ta fi kyan kallo! Babu mai rufe su, babu mai ɗaure musu haɓa, kai, ko ƙyalle ba a yafa musu ba.

Shaima ta ce, "Kai da ka sani, haka suke zama?"

Da ya tashi ya fita kamar yadda ya saba, da shi ke nan. Amma ransa ya ɓaci, bakin ya riga hankalin.

"Wannan fenti ne! Su zo su ga mutumin da ya kwana huɗu a rufaffen ɗaki a Nakkasa lokacin rusau. Magini ne, ƙato. Ruwa kawai muka kwarara masa, hannu ba ya taɓuwa, fuskar ma ba a..."

Ya datse maganar, ya miƙe ya yi alwala. Bai ce mata kada ta faɗa ba, don bai taɓa kawowa a ransa cewa hirar uba da 'ya za ta fita falo ba.

Ita kuwa baiwar Allah, a ganinta ta samo abin da masu sharhin Landan ba su da shi. Ta rubuta a shafinta da Larabci cewa babanta mai wankan gawa ne, ga abin da ya ce, ba ta sa sunan kowa ba. Yo ina amfanin ɓoye suna? Magini nawa aka tsinta a Nakkasa bayan kwana huɗu? Kafin Juma'a rubutun ya zaga wayoyin matan Utaibiyya har unguwar Shisha, masu Larabci suna fassara wa marasa shi.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Maijidda ce, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta ƙi shiga, ta ƙi karɓar ruwa. Malam ya fito ya same ta a bakin ƙofa.

"Ummu Majid, ki yafe mini ƙaryar da na yi miki."

"Wace ƙarya? Malam, ai ina da hanci. Da aka wuce da makarar na san komai." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Na karɓi maganarka ne don na san a wurinka abin zai tsaya. Shekaru ina shiga cikin mata kaina a sama. Jiya jikata ta zo tana tambayata wai da gaske kakanta ba shi da fuska."

Shaima ta fito da kuka tana cewa ta goge rubutun, laifinta ne. Maijidda ko kallonta ba ta yi ba.

"Ke ba a ba ki amana ba, 'yata. Shi aka ba." Ta juya ga Malam. "Yayana Umaru yana asibiti, likitoci sun ce sai addu'a. Tun tuni ya bar wasiyya kai za ka wanke shi. Jiya ya ce in zo in gaya maka ya janye."

Bayan kwana tara Umaru ya cika. Malam Yusha'u ya ji labarin a masallaci, a bakin wani, bayan an riga an gama wanka. Ya bi sahu ya yi sallar kamar kowa, hannayensa a bushe.