Ƙoƙon da Ke Tsallake Ovidio

Ovidio Maidana ya sauka Puerto Lucero daga jirgin ruwan da ke kawo lemo daga Corrientes, ko gashin baki bai gama fito masa ba, da wando ɗaya da wuƙar mahaifinsa. A lokacin garin bai wuce layin dogo da coci da mahauta ba. Masana'antar ƙarfen ma ba a kafa ta ba, ana dai cike fadamar bakin kogi inda za ta zauna, kuma Ovidio na cikin masu tura baro suna zuba ƙasa, sauro na cin rabonsa. Da aka gama gini, injiniyoyin da aka ɗauko daga Italiya suka tambayi wanda zai iya jure zafi. Ya ɗaga hannu, don shi a saninsa ba zafin da ya kai na yunwa.

Aka ajiye shi a bakin babbar tanderu, wadda ma'aikata ke ce wa Tsohuwa tun tana sabuwa. Gungumen ƙarfe ake turawa cikinta har ya yi ja, ya wuce ja ya koma ruwan ɗorawa, sannan a jawo shi a miƙa wa injin da ke murza shi yana huda cikinsa. Ta ɗaya gefen sai ya fito dogon bututu, ba ɗinki ba walda. Aikin Ovidio shi ne daidaita gungumen da ƙugiya kafin injin ya cafke shi. Bututun na tafiya rijiyoyin mai na kudu, kuɗi na shigowa, garin ya yi ta kumbura. Aka yi unguwar ma'aikata, aka yi asibiti da filin ƙwallo, kuma har matan da ke gida da jiniyar masana'anta suke ɗora tukunya.

A bakin Tsohuwa ya san Anselmo Bertoldi, ɗan wani Ba'italiye mai gasa burodi, mutum mai faɗin ƙirji da kaifin baki. Anselmo ne mai zuba mate, shayin ganyen ƙasar, na rukuninsu. In an tsaya hutu sai ya ɗora buta a kan guntun ƙarfen da bai gama hucewa ba, ya cika ƙoƙo da ganye, ya soka ɗan siririn mazuƙin ƙarfe, ya sha na farko mai ɗaci, sannan ya riƙa zubawa yana miƙawa bi da bi. Ƙoƙo ɗaya ne, mazuƙi ɗaya, kowa ya shanye nasa ya mayar. Baƙon da ya sa hannu ya goge bakin mazuƙin kafin ya sha, to ya zagi mutanen wurin ke nan.

"Sha, ɗan ƙauye," in ji Anselmo ranar farko. "Ko a garinku da hanci ake sha?"

"A garinmu mai zubawa ba ya cika surutu."

"Ji min yaro. Ko takalmi bai iya ɗaurewa ba, ya iya baki."

Daga nan aka ƙulla. Da Ovidio ya yi aure Anselmo ne ya tsaya masa, da aka haifi 'yarsa ta fari shi ne uban baftismarta. Ran Lahadi ana gashin nama a gidan wannan ko na wancan, a kan ragar da suka ƙera da ragowar ƙarfen masana'anta, wanda kowa ya san ba saye aka yi ba.

Haka aka yi ta tafiya, sojoji suka hau suka sauka, kuɗi ya lalace aka canza masa suna ya sake lalacewa. Sannan aka sayar da masana'antar ga wasu sababbin masu ita, suka zo da zancen rage mutane. Ƙungiyar ma'aikata ta kira yajin aiki. Aka kafa tantuna a bakin ƙofa, mata suna dafa tukunya ɗaya ta kowa da kowa, sanyin hunturu na kaɗowa daga kogi. Da abin ya yi tsawo, sai masu kamfani suka aika shugabannin aiki gida gida suna cewa wanda bai koma ba ya nemi inda zai kai iyalinsa, gidan na kamfani ne.

Ovidio ya koma. Masu son su wanke shi sukan ce matarsa ce ba lafiya, amma lafiyar Delmira lau, kuma ba wanda ya sa masa bindiga. Tsoro ne kawai. Mutumin da ya taɓa kwana a ƙarƙashin amalanke da ciki wayam, ba ya son jin zancen a watsa shi titi. Ya bi ta ƙofar baya da safe tare da wasu 'yan tsiraru, suka hura wa Tsohuwa wuta. Da mutanen tantuna suka ga hayaƙi, suka san an gama da su. Yajin ya watse, aka kori mutane da dama, cikinsu har da ƙanin Froilán Sosa, mai tuƙa injin ɗaga ƙarfe a rukuninsu.

A nan rago ake ce wa wanda ya karya yaji, irin ragon da ke jan garke zuwa mahauta shi ya dawo lafiya. An yi watanni ana yi wa Ovidio kukan rago in ya wuce, an zuba masa ciyawa a akwatin kayansa. Wannan duk bai dame shi sosai ba, ya san ya saya da kuɗinsa. Abin da ya ci masa rai shi ne ranar da aka koma aiki, aka tsaya hutu, ya zauna a gurbinsa na kullum. Anselmo ya zuba ya miƙa wa na hagunsa, ya karɓa ya sake zubawa, ya miƙa hannu ta gaban fuskar Ovidio ya ba Froilán. Hira ma ba ta tsaya ba, ana ta zancen ƙwallo.

Da wani ne, da ya tashi ya koma gefe ya sayi nasa ƙoƙon. Sauran ragunan haka suka yi. Ovidio kuwa, ko taurin kai ne ko rashin dabara, kullum sai ya zo ya zauna a gurbin nan, ƙoƙo ya tsallake shi, ya ci burodinsa a bushe. Delmira ta gaji da gani.

"Don Allah ka ɗauki na gida ka tafi da shi. Ruwan zafi ne fa da ganye, ba aljanna ba."

"Ba ƙishi nake ji ba, Delmira."

"To zauna. Tsoro na daji, kunya na gida, kai ka haɗa duka biyun ka sa a aljihu."

Wata rana bututu ya kufce daga injin, ja wur, ya yi tsalle ya nufo inda yake. Anselmo ne ya cakumi wuyan rigarsa ya fizge shi, suka zube tare a ƙasa, ƙarfen ya wuce ya ƙone gefen takalminsa. Ovidio ya tashi yana kakkaɓe rigarsa.

"Na gode, ɗan'uwa."

"Wane ɗan'uwa? Warin gasasshen rago ne ba na so a wurin aiki."

Aka yi dariya, har da Ovidio, zuciyarsa ta ce yau an wuce wurin. Da aka tsaya hutu ƙoƙo ya tsallake shi kamar jiya.

Shekaru suka ja. Aka gina sabon layi a can gefen kogi, inda samari ke zaune a ɗaki mai sanyi suna danna maɓalli, kowa da gorar ruwan zafinsa. Wasu cikinsu da aka turo tsohon layi ba su san labari ba, sukan miƙa wa dattijo Ovidio nasu, shi kuma ya ce cikinsa ba daɗi. Ba daga hannunsu yake nema ba. Daga baya aka kashe Tsohuwa, aka yanyanka ta aka narkar a sabuwar tanderu, tsofaffin ma'aikata suka yi ritaya ɗaya bayan ɗaya. Anselmo bai daina aika wa 'yar baftismarsa kyautar ranar haihuwa ba, amma in ya haɗu da ubanta a layin karɓar fansho, ɗaga haɓa kawai yake yi.

Da ciwon huhu ya kayar da Anselmo, Ovidio ya je asibiti sau biyu ya tsaya a baranda ya dawo. Ranar jana'iza ya bi gawa daga can baya. Bayan an binne, mutane suka koma gidan mamacin suka zazzauna a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, tsofaffin bakin Tsohuwa suka ja kujerunsu wuri ɗaya. Ovidio ya tsaya jikin bango yana juya hularsa, yana neman hanyar da zai yi wa Nélida, matar mamacin, gaisuwa ya sulale.

Nélida ta fito da buta da ƙoƙo, idanunta a kumbure, ana kiranta daga ciki. Ta dubi tsofaffin, duk hannuwansu na kan gwiwa, ba wanda ya saba zubawa tunda mai zubawar ne aka rufe.

"Ovidio, karɓi nan ka zuba musu. Ni ƙafafuna sun gaji."

"Nélida, ba ni ya kamata ba."

"Rigimarku ta masana'anta ta ishe ni tun yana da rai. Zauna."

Ya zauna. Ya ɗora hularsa a kan gwiwa. Ya gyara ganyen, ya zuba, ya sha na farko kamar yadda mai zubawa ke yi, ɗacin ya sauka masa har ciki. Ya sake cikawa ya miƙa wa na kusa da shi, wanda Froilán Sosa ne, ya tsufa ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Hannun Ovidio ya daɗe a miƙe.

Froilán ya karɓa. Bai goge mazuƙin ba. Ya zuƙa a hankali har ƙoƙon ya yi ƙara, ya miƙo.

"Kada ka ɗauka na yafe, Maidana. Ƙanina a tasha ya mutu yana tallan gyaɗa."

"Na sani, Froilán."

"Kuma ruwanka ya yi zafi, ka ƙona ganyen. Shekara nawa kana kallo, ba ka koyi komai ba."

Wani tsoho ya yi 'yar dariya ta hanci. Ovidio ya ji daɗi ya cika masa ƙirji, baƙin ciki kuma ya biyo shi a take, don hannun da ya yi rabin rayuwarsa yana jira ya miƙo masa ƙoƙon nan, shi aka rufe da ƙasa ɗazu. Hawaye suka zubo masa, ba halin sharewa, buta na hannu ɗaya ƙoƙo na ɗaya.

"To, kuka za ka yi ko zubawa?" in ji Froilán. "Mutane na jira."

Ya zuba ya miƙa wa na gaba.