Wata Ukun Faɗuwa na Yaya Sabi'u

A watan nan yayana Malam Sabi'u ya cika shekara tara a kushewa. Allah ya jiƙansa. Mutanen Ƙaraye da dama sun san shi da noman gyaɗa, amma mu da muka sha ƙasa a hannunsa mun san shi da judo, kokawar nan ta mutanen Japan da ya koyo a Kaduna lokacin yana aikin masaƙa. Da masaƙar ta rufe ya dawo gida da akwati ɗaya, da farar riga mai kauri, da baƙar ɗamara.

Ba mu da katifar wasa. Buhunan ɓawon gyaɗa ya sa muka ɗura, muka jera a wani kango da ke bayan gidanmu a Unguwar Hajji, aka shimfiɗa tamfol a kai. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya zo sai ya yi wata uku yana koyon faɗuwa kafin a nuna masa yadda ake kayar da mutum. Ka manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka mari ƙasa da tafin hannu, ka mirgina, ka tashi, ka sake. In muka yi ƙorafi sai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni kam na tsani watannin nan, har na ce da shi ko jaki ba sai an koya masa birgima ba.

A ƙasarmu wannan doka kusan zagi ce, domin a kokawa wanda ya taɓa ƙasa shi ne abin dariya. Na tuna ranar da Ɗanlami, wani ƙaton ɗan kokawa daga Gwangwan, ya zo yana cewa bayansa bai san ƙasa ba, kuma ba a nan zai fara ba. Yaya bai yi masa musu ba, ya ce ya zo ya kayar da shi. Ɗanlami ya ɗaga shi ya maka, Yaya ya tashi yana murmushi. Ya sake makawa, ya sake tashi. Kafin a kai na goma mai kayarwar ne yake haki. Sannan Yaya ya juya ƙugu sau ɗaya, sai ga Ɗanlami a ƙasa numfashi ya ɗauke, alhali Yaya na riƙe da hannun rigarsa don kada kansa ya bugu. Washegari Ɗanlami ya dawo, ya yi wata ukunsa cif.

Haka yake a darasin murɗe hannu. In ya kama maka gwiwar hannu, da ka taɓa shi sau biyu alamar ka sallama ya saki, kuma wanda ya ƙi saki ko ya ƙi taɓawa don girman kai, ranar zai koma gefe ya zauna. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji shi.

Tun rasuwarsa ni nake riƙe da ajin, kuma gaskiya yana neman mutuwa a hannuna. Samarin yanzu sun ga kayarwa iri-iri a waya, suna zuwa da ɗoki, sati biyu na faɗuwa su gudu. A da kangon ba ya ɗaukar mu, yau mutum shida suka rage. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san wayar ba za ta dame shi ba, shi da yake son koyo, zai ma karɓa ya duba. Abin da ban sani ba shi ne ko zai yafe mini in na taɓa dokarsa, don na riga na ƙudura mayar da wata ukun sati biyu.

Kafin in zartar na je Rogo ran kasuwa in shawarci Ɗanlami, wanda yanzu acaɓa yake yi, gemu duk furfura. Ya saurare ni har na gama. Sai ya cire hula, ya juyo mini da ƙeyarsa.

“Duba da kyau. Ka ga tabo?”

Na ce ban gani ba. Ya ce da daminar bara saniya ta gitta masa a hanyar Ƙaraye yana cikin gudu, babur ya yi sama da shi ya watsar a kan tsakuwa. Babur ɗin bai ƙara moruwa ba, shi kuwa ya tashi da ƙujewa a kafaɗa.

“Kafin in yi salati haɓata ta riga ta manne a ƙirji,” in ji shi. “Allah ne ya tsare, amma Malam ne sanadi. A cikin wata ukun nan, wanne za ka cire?”

Na koma gida ban taɓa dokar ba.

Yaya bai bar lambar yabo ba, ɗamararsa ma ta koɗe ta koma toka-toka. Na daɗe ina jin in ajin ya watse shi ke nan babu sauran abin da ya bari, ashe na yi kuskure. Ya bar mai 'ya'ya biyar yana yawo a kasuwar Rogo da ƙeyarsa lafiya lau.

Makon jiya muka sake ɗura buhunan da sabon ɓawo. Mutum shidan nan sun tambaye ni yaushe za a fara kayarwa, na ce saura wata biyu da kwana goma. Allah ya kai haske kabarinka, Yaya.