Garkuwar da Na Huda

Ina saurayi, ina ƙira a Wurno zamanin Nasara, gyado ya addabi gonakin fadama. Wani manomi daga Goronyo ya zo gyaran fartanya, ya nuna mini tabon cinyarshi, inda gyado ya farke shi yana cikin ɗura albarushi a bindiga. Nan dabara ta faɗo mini: in haɗa garkuwa da bindiga wuri guda, mutum ya yi harbi yana fake.

Garkuwa guda ce a gidanmu, ta fatar warwaji, wani naman daji mai dogayen ƙahoni, rataye a ɗakin Baffa, wan mahaifina, wanda ya rene ni tun ina goye. Ran da ya tafi Rabah ta'aziyya na shiga na sauko da ita. Ban tambayi kowa ba.

Na gasa ƙarfe na huda ta a tsakiya, na zura bututun tsohuwar bindiga, na ɗaure da jijiya. Kwana biyu ina cika baki a maƙera. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, mutane sunka biyo ni bayan gari kallo. Ina jan kunama bindigar ta tokare ni a haɓa, na faɗi zaune. Wuta ta lashi busasshiyar fatar, ta tsage tun daga hudar har baki. Mutane sunka yi ta dariya.

Washegari Baffa ya dawo. Na aje garkuwar gabanshi, na durƙusa.

"Mi ka yi mata?" in ji shi.

Na fara bayanin gyado. Ya ɗaga hannu ya katse ni.

"Wagga ba tawa ba ce," ya ce. "Ta ubanka ce. Tare munka fita yaƙi ran da Nasara sunka zo, ita kaɗai na dawo da ita gida. Jira nike ka yi aure in ba ka."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na kai garkuwar wurin dukawa, sunka ce fatar ta ƙone, ba ta riƙe ɗinki.

Kusan wata guda ina zulle ma akushinshi, ina cin tuwona a maƙera. Ran nan ya tako da kanshi, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Taso, tuwo na hucewa." Na bi shi. Har munka wanke hannu ban iya duban fuskarshi ba.