Kwalabe Bakwai a Kan Sif

Har yau in cokali ya bugi kofin gilas sai gabana ya faɗi. Ni dai ban yi karatu ba, a aji huɗu na tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. Daga kicin nakan ji takun maigidana a bakin get, in gane ko ya samu kujera a bas ɗin Kubwa ko a tsaye ya zo.

Malamin kimiyya ne a sakandare, yana kuma neman digirin dakta. Wata rana ya shigo da 'yan kwalabe bakwai, kowacce ba ta wuce ɗan yatsa ba, ya jera su a kan sif ɗin ɗakinsa. Wai a ɗakin gwajinsu janareta na girgiza tebur, abin kuwa ba ya son motsi.

Na ce, "Malam, turare ka fara sayarwa ban sani ba?"

Ya ce, "Wannan turaren, Maman yara, ko kusa da hanci kar ya je."

Wani ƙarfe ne aka narkar a ciki, kobalt sunansa. In an bar ruwan ya huta wata biyu, sai ya haifi ƙwayoyi kamar na gishiri. A kowace ƙwaya, in ji shi, 'ya'yan kobalt ne zaune a gungu. Wasu sun ba da biyu daga abin da suke riƙe da shi, wasu uku. Masu uku lafiyayyu ne, ba ruwansu. Masu biyu su ne ke da maganaɗisu. Abin da yake son sani, in sanyi ya kai maƙura, za su fuskanci gefe ɗaya ne, ko kowa zai juya wa ɗan'uwansa baya ƙarfin ya mutu?

Na ciro maganaɗisun tsohuwar rediyo na kara a jikin wata lalatacciyar kwalba, ba cikin bakwai ɗin ba, da ya ware gefe. Ko gezau. Ya yi dariya har da tari. Ya ce sai an aika wa wani abokinsa a ƙasar waje, mai na'urar da sanyinta ya fi na kowane firij. Lalatacciyar nan, ruwanta kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, na ce ta yi min kyau, ya bar min. Na ɗora ta can saman kabad.

Shekara uku yana haɗawa yana zubarwa. Sai a wannan karon ruwan ya yi duhu, kusan baƙi, wanda shi ne alamar masu biyu da masu uku sun zauna tare. Ko shara na daina yi kusa da sif ɗin nan.

Sannan hawan jini ya kayar da shi. Kwanansa huɗu a asibiti. Bakinsa ya karkace, amma ni na ji abin da ya ce: "Saura sati uku. Kar a taɓa."

A daren ya cika. Ban gaya wa kowa abin da ya ce ba. Wa zai yi zancen kwalba da gawa a gida?

Ranar sadakar uku ina zaune a falo cikin takaba, lulluɓe, mata cike da ɗakin. Cikin hayaniyar nan na ji ƙil, ƙil, daga ɗakinsa. Na san ƙarar. Amma wata tsohuwa na riƙe da hannuna tana addu'a, kuma mai takaba ba ta zabura a tsakiyar addu'a. Na jira aka shafa. Wannan jiran nake ta tunawa.

Na tarar da yayarsa, wadda ta goya shi, durƙushe a banɗaki tana ɗauraye ta bakwai da sabulu.

"Yaya, me kika yi?"

Ta ɗago, idonta jajir. "Baƙin ruwa da rubutu a jiki, a kan sif kusa da gadonsa, ke ba ki gani ba? Wannan sammun ne ya cinye min ƙane. Na zubar kafin ya taɓa yaran."

Ta fi ni kuka ma.

Bayan arba'in wani abokin karatunsa ya zo karɓar kwalaben. Na gaya masa an zubar, na ba shi littafin da Malam ke rubutu a ciki, na kuma sauko da tawa ta saman kabad. Ya ɗaga ta a hasken taga, ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, ba ita ba ce."

Na ce na sani. So nake dai wani ya duba.

Ya ce zai gwada haɗawa daga littafin in ya samu lokaci. Tun daga nan ban sake jin takunsa a get ba. Kwalbar tana nan, ruwan ya ƙafe, saura ɗan ja-ja a gindi. Ranar Juma'a nakan goge mata ƙura, a hankali, ba na motsa ta.