Kashi na Huɗu

Malama Zakiyya ba ta ma san sunan matar ba. Yau matar ta fara zuwa ajin manya na unguwar Gidan Igwai. Tana zaune can ƙarshen tabarma, doguwa, siririya, tana ta jan bakin hijabi tana rufe haɓa. Daga kantar hannunta Malama ta zaci mai surfe ce, irin waɗanda ke shan wuya ba su faɗa.

Darasin rabawa ake yi. Malama ta zube dabino goma sha biyu a gaban matar.

"Baiwar Allah, ɗiya nawa gare ki?"

"Ukku," in ji matar, kai a sunkuye.

"To, raba musu daidai."

Matar ta yi kashi huɗu, uku-uku. Malama ta tattara, ta sake bayani a hankali. Matar ta ƙara yin kashi huɗu. Gumi na bin wuyan Malama, sauran mata na leƙen ƙofa don la'asar ta gabato, darasi ya tsaya cik a kan mutum ɗaya.

"Ke da bakinki kinka ce ukku. Wanga na huɗu na wane ne?"

Wata tsohuwa da ke gefen matar ta rage murya: "Malama, ɗan fari gare ta. Kunya ba ta bari ta ƙirga shi."

Malama ta ja tsaki, ta miƙa hannu za ta kwashe dabinon. Matar ta kifa tafinta a kan kashi na huɗu, ta ƙi ɗagawa.